Sai Kunkuru Ya Ɗauki Caji

"Ajiye sukurdireban nan ka tashi mu tafi asibiti," in ji Sista, tana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu.

Direba ko ɗago kai bai yi ba. Yana zaune dirshan a tsakar falo, ƙafafunsa sun kumbura har sun cika wando, ya kife na'urar shara a kan cinyarsa. Wata 'yar kewayayya ce mai tayoyi, mai yawo da kanta tana zuƙe datti. Ya raɗa mata suna Kunkuru.

"Zo ki haska mini nan, Sista. Ba na ganin notin."

"In haska maka me? Kana jin numfashinka kuwa? Ta bango nake jiyo shi daga ɗakina!"

A aikin jinya ta tsufa, ta san irin wannan numfashin, ta san inda yake kai mutum. Tun makon jiya take bin maƙwabcin nata da magana, kullum sai ya ce gobe.

"Wa ke faɗa da mijina?" Muryar matarsa ce daga uwar ɗaka.

"Ni ce, Yaya. Mijinki ne ke neman kashe ni."

Direba ya ɗora yatsa a leɓe, ya roƙe ta da ido. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: ya sa ta cikin ɓoye-ɓoyensa ba tare da ya nemi yardarta ba.

Ciwon suga ya cinye idon Yaya, ya kashe mata ji a tafin ƙafa. Bara ta taka ɓarin gilashi, ta wuni da shi ba ta sani ba, sai da aka yanke mata yatsa. Tun daga nan Direba yake share gidan safe da yamma, yana bi da tafin hannu. Da sunkuyo ya gagare shi sai ya samo Kunkuru. Kunkuru ya yi aiki har ana yabonsa, sannan ya ɓullo da sabon hali: ya kwana a kan caji, ya tashi da kuzari, kafin ya gama falo ya mace. Shekaranjiya a tsakiyar hanyar banɗaki ya mace, Yaya ta yi tuntuɓe da shi ta fasa gwiwa.

"Na goge ƙarafan da yake shan caji da su," in ji Direba, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Na canja soket. Na yanke gashin da ya naɗe buroshi da tayoyi. Duk a banza. Batir ne. Ga sabo an kawo ɗazu."

Sukurdireba sai zame masa yake. Sista ta yi tsaki, ta jefar da makullin a kujera, ta durƙusa ta fizge.

"Kawo! In ba haka ba a nan za mu wuni."

Ta kwance notocin tana ƙunƙuni, ta ɗaga murfin. Tsohon batirin ya kumbura, ya yi tozo a tsakiya.

"Kin gani? Ciwonmu ɗaya da shi."

Ba ta yi dariya ba. Ta zare 'yar wayarsa a hankali, ta saka shi a gwangwani ta kai baranda, don ta san irinsu kan kama da wuta. Ta jona sabon, ta ɗaure, ta ɗora Kunkuru a mazauninsa. 'Yar fitilarsa ta fara ƙyaftawa.

"To, an yi. Tashi."

"Bari ya cika tukuna. In ga ya zagaye gidan."

Ta matso daf da fuskarsa, ta rage murya.

"Kai wane irin mutum ne? Ni ba mutum ba ce? Ƙofata ga ta, ƙofarku ga ta. Shara ce za ta gagare ni?"

"Ke da bayanki ke hana ki barci? Ranar da kika tafi wajen jikokinki fa?" Ya ja numfashi da ƙyar. "Sista, in na kwanta a can, ban ga ranar dawowa ba. Ba zan bar mata ƙasa da datti ba."

Maganar ta ƙara tunzura ta. Ta miƙe.

"Yaya! Fito ki ji. Zuciyar mijinki ce ta gaza, ruwa ya cika masa ƙirji, ya hana ni faɗa miki. Yau na faɗa, ya yi abin da zai yi!"

Can sai ga Yaya ta fito tana lalube bango.

"Ido na rasa, Sista, ba kunne ba. Gado ɗaya muke kwana da shi. Jira nake ya faɗa mini da bakinsa." Ta juya wajen da numfashin ke fitowa. "Kai kuma, ka raina ni ko? Tashi ka bi ta. Wallahi in ka faɗi a falon nan ba zan yafe maka ba. Na gaji da tuntuɓe da kayanka."

"Gimbiya…"

"Kar ka Gimbiya ni. Tashi!"

Bai tashi ba sai da ya kamo hannunta, ya sunkuyar da ita, ya ɗora yatsanta a kan maɓallin. "Na tsakiyar, mai ɗan tudu. Sau ɗaya. Ki zauna a kujera sai kin ji ya yi shiru a wurinsa."

"Na ji. Sakar mini hannu." Amma ita ce ba ta saki ba, sai da Sista ta raba su.

Saukowar bene ta zame musu aiki. Yana rataye a kafaɗarta, yana tsayawa a kowane mataki, tana masa masifa don kada ta yi kuka. A mota ma bai bar ta ta huta ba.

"Kina cin kuloci. Wa ya koya miki tuƙi?"

"Rufe mini baki ka yi numfashi!"

Ya rufe. A ƙofar asibiti ma'aikata biyu ne suka ciro shi.

Rana ba ta faɗi ba ya cika. Likitan da ya fito ya same ta a benci ya san ta, sun taɓa aiki tare. Ya ce, "Sista, ke da kanki? Da tun makon jiya aka kawo shi…"

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Bakinta cike yake da magana, amma wanda ya kamata ta zazzage wa yana kwance bayan labule, an rufe masa fuska. Ta karɓi ledar da aka zuba takalmansa da agogonsa, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

Duk hanya faɗa take da shi a fili, tana dukan sitiyari. Mai taurin kai. Marar jin magana. Mutumin da ya kai dubban mutane gidajensu lafiya, ya kasa kai kansa asibiti. Wani mai babur ya leƙo ta taga yana kallonta, ta daka masa tsawa.

Ta hau benen a hankali. A gaban ƙofarsu ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta ji motsin kofuna daga ciki. Yaya ta ɗora ruwan zafi, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

Sista ta sauke hannun. Ta zauna a kan matakin ƙarshe, ta rungume ledar a ƙirji. A ciki, buta ta fara tafasa.