Ga Naka, Baba

Ni dai aiki ne ya ɓata mini baki. Shekara shida ina ofishin wata ƙungiyar agaji, kullum kalma ɗaya nake bugawa a kwamfuta: tallafin abinci, tallafin magani, tallafin gajiyayyu. Har ta kai ko barci nake yi yatsuna za su iya rubuta ta.

Babanmu kafinta ne. Da idonsa ya yi rauni ya ajiye zarto, sai na fara tura masa kuɗi duk wata. Ba ya iya karanta saƙon banki, don haka yakan kai wayarsa wajen mai kemis ɗin bakin layinsu, wanda zai karanta masa, ya cire masa kuɗin a 'yar na'urarsa, ya ba shi maganin hawan jini. A ƙofar shagon akwai benci, Baba ne ma ya yi shi, kuma nan tsofaffin layin suke hira.

Wani wata ina cikin sauri, a gurbin da ake rubuta dalilin tura kuɗi na buga "tallafin wannan wata". Wallahi ko a jikina, na ci gaba da aikina.

Bayan sati uku mai kemis ya kira ni. Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce Baba bai karɓi maganinsa ba, kuɗin ma ya ce a bar su inda suke. Ya ce shi ya karanta saƙon da ƙarfi kamar yadda ya saba, benci cike da mutane, wani tsoho ya yi dariya ya ce ashe kafinta ma ya shiga layin masu karɓar tallafi. Tun ranar Baba bai sake zama a wurin ba.

Washegari na kama hanya.

Na same shi a tsakar gida yana shafa ƙafar wata tsohuwar kujera, ƙafafunsa shi kuwa sun kumbura. Na durƙusa na gaishe shi, na hau zuba: kuskure ne, sabo ne, kalma ce kawai. Ni da bakina ba ya shiru, ranar sai da na ji kunyar kaina.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi a sana'arsu abin da ya karkata ake tallafa wa, a sa masa katako kada ya zube. Gudummawa kuwa wanda yake tsaye yana fama ake kai wa. Sadaka ta Allah ce, ba a duban fuskar mai karɓa. Sai ya juyo wajen da yake jin muryata.

"Auta, da nake ba ki kuɗin makaranta, me nake ce miki?"

Na tuna sarai. Hannunsa duk garin katako, zai miƙo mini ya ce, ga naki. Bai taɓa cewa ya taimake ni ba, ko sau ɗaya.

"Ashe kin ga na karkata," in ji shi a hankali.

Da ƙyar ya yarda na sayo maganin da kaina.

Ƙarshen wata na zauna gaban waya na fi minti goma kafin na rubuta: "Ga naka, Baba."

Da yamma na kira mai kemis. Ya ce Baba ya zo da safe, ya karanta masa, amma lokacin babu kowa a shagon. Baba ya karɓi wayarsa ya je ya zauna a benci, rana tana dukansa, har tsofaffin suka taru ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sake miƙo wayar.

Wai ya ce ɗazu bai ji da kyau ba, a ƙara karanta masa.