Bokitan Davou a Majalisar Ɗinkin Duniya

Kwana goma sha tara ke nan Alisabatu ba ta ji muryar mijinta ba. Davou injiniya ne a wani jirgin ruwa mai dakon siminti, kuma mutum ne da ko a tsakiyar teku yake sai ya kira ranar Lahadi ya tambayi wa'azin da fasto ya yi, alhali in yana gida gyangyaɗi yake yi a coci. Sai ga shi shiru. Ta kira kamfanin har mai ɗaukar waya ta haddace muryarta, amsar dai ɗaya ce: an rufe wayoyin ma'aikata saboda tsaro, a yi haƙuri.

Sauran bayanin a labarai ta tsinta. Jiragen saman sojan wata babbar ƙasa sun sa jirgin a gaba, kullum suna shawagi a kansa suna ɗaukar hoto, wai ba siminti kaɗai ya ɗauko ba. Ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce wannan saukowa ƙasa-ƙasa cin fuska ne da wasa da rayuka. Jakadu na ta jifan juna da wasiƙu a Manhattan, ita kuwa a unguwarsu ta Highbridge, a birni ɗaya da su, ko ruwan shayi da ƙyar yake wuce mata. Tsoro take ji, domin Davou na da hawan jini, kuma shi da magani sai an tsaya a kansa.

Ranar Alhamis da la'asar ta taso daga asibitin da take aikin jinya, ta hawo tudun unguwar tana haki, sai ta tarar da Issoufou a bakin ƙofa. Maƙwabcinsu ne, mutumin Maraɗi, direba a ofishin jakadancin wata ƙasa da ba ruwanta da rigimar. Ya ce yau masu jiragen sun raba wa kowa hotunansu a matsayin hujja, shi ne ya roƙi ogansa kwafi ɗaya ya kawo mata.

A hoto na uku an zagaye wani wuri da jan biro. Wasu abubuwa ne a jere a bayan jirgin, an lulluɓe su da raga. A ƙasa an rubuta cewa ba a san abin da ke ciki ba, amma akwai wanda ke duba su safe da yamma.

Alisabatu ta zauna a kan matakala, ta yi dariya har da hawaye. Bokitan fenti ne. Davou ɗan Vom ne, garin manoman lambu, ko a saman kwano ka ajiye shi sai ya yi lambu. Tumatir ne da attaruhu, shi ne manyan ƙasashe suka sa kwat suna faɗa a kai.

Sai dariyar ta tsaya mata. A gefen bokitan ga wani mutum bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya sunkuya da buta, ya dafe ƙugu da hannun hagu. A duniya mutum ɗaya ta sani mai wannan sunkuyon. Ta duba kwanan wata, shekaranjiya aka ɗauka.

"Ki kwantar da hankali, Maman Nankling," in ji Issoufou. "Na ji su oga suna faɗa a mota, ran Litinin za a hana jiragen zuwa kusa. C'est fini, magana ta ƙare."

Ta daɗe tana kallon hoton, yatsarta a kan ɗan mutumin.

"Malam Issoufou, ai kuna haɗuwa da direbobin jakadun masu jiragen a parking?"

Ya ce ƙwarai, har shayi suna sha tare.

"To don Allah ka ce su faɗa wa ogansu kada su daina. Su ƙara saukowa kaɗan, ban ga fuskarsa ba."