Mai Gyaran Keke a Bakin Gada

Ina wanke-wanke abokiyar aikin autana ta yi sallama, wadda yake kira Shugaba don tsokana. Rabona da ita tun zaman makokinsa. Ta kife bokiti ta zauna, ta ce, "Inna, ana so a cire mai gyaran keke."

Sai da na ajiye kwanon hannuna. Wasan waya suke ƙerawa a ofishinsu. A ciki akwai wani mai gyaran keke a bakin gada, da muryar ɗana aka yi shi. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce masa, "Sannu da hanya, an gaji ko?" Abin da ya rage mini na muryarsa ke nan.

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Suna da ɗan gwaji, ba mutum ba ne, na'ura ce. Duk sanda aka taɓa wani abu, shi ke bin wasan daga farko har ƙarshe ya duba ko an yi ɓarna. To a gadar nan, yau ya wuce, gobe ya cije. Kwamfutar da ke taya su aiki kuma ta ba da shawara a ɗauke mai keken, gwaji ya tafi sumul.

Na ce, "Kin yarda?"

"Na roƙa a ba ni lokaci. Ba na cire abu ban ga laifinsa da idona ba."

Na yi kwanaki ina jiranta.

Da ta dawo, tun daga ƙofa take dariya. "Inna, ɗanki ba shi da laifi. Ɗan gwajin ne marar tarbiyya. Ana gaishe shi yana neman wucewa, in gaisuwar ta tare shi sai ya maƙale. Da mun cire mai keke, gaba ma haka zai yi wa wani."

"To yanzu fa?"

"Mun koya masa tsayawa har a gama gaishe shi."

Na ce ai shi ma marigayin sai da na sha jan kunnensa kafin ya koya. Muka yi ta dariya har na share ido da bakin zane.

Ta saka mini wasan a wayata. Ban iya komai a ciki ba, hanyar gada kawai na sani. Kullum in na gama shara sai in je. Mai keken ya ce an gaji ko, in ce, "Ba gajiya, auta."