Sajan Haggai da Kati Mai Giga Shida

Sajan Haggai a bayan sitiyari ya yi aikin sojansa. Manyan motocin da ke kai abinci da kayan aiki da mutane bakin daga, su ya riƙa ja har ya yi ritaya ya dawo gida Zuru. Ko bayan ritayar bai ajiye tuƙi ba, ya ci gaba da ɗaukar dawa a wata tsohuwar a-kori-kura zuwa kasuwannin Ribah da Dirin Daji, har zuwa lokacin da idonsa ya fara gaza hango nesa. Likita ya ce ya haƙura da hanya. Matarsa Saloma ta sa baki, 'ya'ya suka sa baki, aka sayar da motar. Mutumin da kullum sai an neme shi ya koma mai zaman ƙofar gida.

Ana tsakiyar damina 'yarsa Praise ta zo hutu daga Kaduna, inda take aikin haɗa kwamfuta da gyaranta. Babura biyu ne suka kawo ta daga tasha, ɗaya ita, ɗaya kwalaye.

"Wannan kaya haka, ko kin dawo gida ke nan?" in ji Sajan.

"Naka ne, Baba. Mota na kawo maka."

Ya ɗauka wasa take yi. Amma da ta buɗe kwalin farko sai ga sitiyari, na gaske, mai nauyi a hannu. Na biyu totur da birki da kuloci, haɗe da sandar giya. Na uku baƙin akwatin kwamfuta da ta harhaɗa da hannunta. Ta ɗaure sitiyarin a jikin teburin falo, ta jona akwatin da babbar talabijin ɗin gidan, ta kunna. Sai ga cikin kan tirela ya cika allon, da madubai, da agogon gudu, da titi shimfiɗe a gaba.

"Wasan yara," Sajan ya ce, amma ya riga ya jawo kujera.

Ya gyara tabarau. Ya taka kuloci, ya sa giya, ya saki a hankali. Injin ya yi gurnani, sitiyarin ya ɗan yi rawa a tafin hannunsa kamar yadda na gaske ke yi, motar ta ɗaga. Bai san lokacin da ya yi ihu da yarensu na C'lela ba, har Saloma ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana tambayar wa ya faɗi.

"Maman Praise, zo ki gani! Tana jin giya! Har nauyin kaya ina ji a bayana!"

Ranar tuwonsa a kan tebur ya huce. Ya kai siminti wani gari, ya ɗauko katako daga wani, ya haye gada, ya sauka gangare da birkin inji yana dariya shi kaɗai. Praise na gefe tana kallon fuskarsa fiye da yadda take kallon allon.

Washegari ta buɗe masa gefen akwatin don ya ga abin da ke ciki, tunda shi mutum ne da ba ya yarda da motar da bai leƙa injinta ba. Ta nuna masa wani ƙarfe mai fanka biyu.

"Wannan shi ne katin girafik, Baba. Shi ke zana duk abin da kake gani, titi da itatuwa da ruwan sama. Mai sauƙin kuɗi na ɗauko, memorinsa, wato ma'ajiyarsa, giga shida ne. Akwai masu sha biyu, akwai masu sha shida, amma waɗannan sai gaba."

"Shida ɗin ya isa?"

"Ya isa, in ba a matsa masa ba. Na daidaita maka komai tsaka-tsaki. Ka ga wannan shafin mai sanduna? Don Allah kada ka taɓa shi."

Sajan ya gyaɗa kai, amma idonsa ya riga ya haddace inda shafin yake.

Kafin Asabar labari ya zaga unguwa, don shi da kansa ya yaɗa shi. A majalisar tsofaffin sojoji da ke zama gindin mangwaro ya ce yanzu yana kai kaya ƙasashen da ko a taswira ba su taɓa gani ba. Kofur Dawuda, abokinsa tun suna kurata kuma babban mai tsokanarsa, ya ce shi sai ya gani da idonsa.

"Mutumin da likita ya ƙwace wa makulli ne zai ja tirela? A falo?"

"Ka zo ran Lahadi bayan an tashi coci," in ji Sajan. "Ku zo duka. Zan ɗauko tankar mai daga kan duwatsu in shiga da ita babban birnin bakin teku, in yi ribas in ajiye ta ba tare da ko ƙwarzane ba."

Har maƙwabcinsa Alhaji Jibo, mai fataucin shanu, sai da ya gayyata.

Da yammacin Asabar Praise ta tafi gaishe da gwaggonta. Sajan ya zauna shi kaɗai yana tunanin baƙin gobe. Ya buɗe shafin nan mai sanduna. Ya ja ta farko zuwa ƙarshe, sai ya ga kwaltar titi ta fito har ana ganin tsakuwar cikinta. Ya ja ta biyu, ganyen itatuwa suka rarrabe ɗaya bayan ɗaya. Daɗi ya kama shi. Ya bi su duka ya ƙure, ya gwada a hanyar daji, mota na tafiya sumul. Ya kashe ya rufe da mayafi, bai gaya wa kowa ba.

Ran Lahadi falon bai ɗauki mutane ba. Tsofaffin sojoji da kayan cocinsu suka cika kujeru, wasu a tsaye, mata na leƙe ta taga. Alhaji Jibo ya samu wuri kusa da talabijin, ya ajiye sandarsa a cinya. Saloma ta zagaya da kunu. Da allon ya haska aka ɓarke da magana lokaci guda.

"Kai! Wannan ai kamar ka sa hannu ka taɓa!"

"Ji ciyawa tana kaɗawa!"

Praise ta dubi hoton, ta dubi mahaifinta. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata gira, ta fasa.

Saukowa daga duwatsun abin kallo ne. Kwana bayan kwana Sajan ya riƙa karya tankar a hankali, yana rage giya tun kafin gangare, yana duba madubi kamar akwai rai a bayansa. Duk kwanar da ya sha sai falon ya ɗauki "Yauwa!" Har Dawuda ya manta da tsokana, ya matso gaba yana cewa, "Riƙe ta, Oga, riƙe ta!" Sai ruwan sama ya sauko a cikin wasan, waifa ta fara aiki, hasken fitilu ya kwanta a kan kwalta jiƙaƙƙa. Daga nesa dogayen benaye suka fara fitowa, da jiragen ruwa, da cunkoson motoci.

A bakin shataletalen shiga birni abin ya faru. Hoton ya ƙame. Ya motsa, ya sake ƙamewa. Allunan kan hanya suka zama kamar an shafe su da koko, jikin benaye ya yi fari fat babu taga. Sajan ya murɗa sitiyari, motar ba ta amsa ba. Ya ƙara murɗawa. Da hoton ya dawo, duk murɗin ya sauka lokaci guda, tankar ta haye shataletale, ta nushi wata motar bas, ta kwanta a gefe ƙafafu sama.

Dariyar da aka yi har a titi an ji ta. Dawuda ya zame daga kujera yana riƙe da ciki.

"Ba ƙwarzane ko ɗaya, Oga! Gaskiyarka, gaba ɗaya ka kwantar da ita!"

Sajan ya miƙe tsaye, yana nuna akwatin da yatsa. "Ba ni ba ne! Kun ga hannuna! Wannan abu ne ya riƙe mini sitiyari! Praise, katin nan naki ba shi da ƙarfi!"

"Ƙarfi yana da shi, Baba," ta ce tana danne dariya. Ta danna wani maɓalli, wasu lambobi suka fito a kusurwar allon. "Duba nan. Memorin ya cika taf. Wa ya ƙure sandunan?"

Saloma ta ce, "Ni dai jiya na ji ana ta 'kai, kai, kai' a falo."

Aka sake fashewa. Alhaji Jibo ya ɗaga sanda yana neman a saurara. "Tsaya, 'yata, ki yi mana bayani yadda za mu gane. Me ya cika?"

Praise ta juya wajen mahaifinta. "Baba, ka ɗauka katin nan mota ce. Injinta lafiyayye, amma bodinta ƙarami. Duk abin da za a nuna a allo, bango ne, itace ne, fentin mota ne, sai an loda shi a bodin tukuna. A daji kayan kaɗan ne, sun shiga. Da ka iso birni, ga benaye, ga ruwa, ga motoci, kuma ka ce kowanne a kawo shi da cikakken kyansa, sai bodi ya cika. Abin da ya rage sai an riƙa komawa sito ana ɗaukowa ɗaya-ɗaya. Wannan komawar ce ƙamewar da ka gani."

Sajan ya koma ya zauna a hankali. Fushin ya bar fuskarsa, wani haske ya maye gurbinsa.

"Oba lodi," ya ce. "Oba lodi na yi mata!"

"Shi ke nan."

"To ashe masu arhar nan yaudara ce?" Alhaji Jibo ya tambaya. "Ɗana Amir kullum maganarsa ke nan, a saya masa."

"Ba yaudara ba ce, Alhaji, sai dai a tambaye shi wane wasa zai yi. In ƙwallo ce ko tsofaffin wasanni, shida ta ishe shi har da saura. In sababbin nan ne manya, kuma yana son komai a ƙure a babban allo, ko takwas sai ta yi nishi. Masu sayarwa gudun kati suke faɗa maka, ba sa son a tambaye su girman memori. Ni da zan iya, mai sha biyu zan ɗauko, ko da gudunsa bai kai ba."

Sajan bai ma jira ta gama ba. Ya riga ya buɗe shafin. "Wanne ya fi nauyi? Nuna mini mu sauke shi."

Ta nuna masa sandar kyan bango da titi, ya dawo da ita tsakiya. Ta nuna ta girman hoto, ya rage. Da suka zo kan ta madubai ya riƙe hannunta.

"Wannan a bar mini. In ga ganye ko kar in gani, ba damuwata ba ce. Amma direba ba ya ribas da madubi mai hazo."

Ta duba lambobin, ta ce akwai wuri. Aka bar masa madubansa.

Aka sake daga saman dutse. Tsakuwar kwalta ta ɓace, ciyawar ma ba ta kai ta ɗazu kyau ba, amma babu wanda ya kula, don kowa idonsa na kan hanya. Ruwa ya sauko. Benaye suka fito. Shataletalen ya matso. Dawuda ya dafa kafaɗar Sajan. Tankar ta shiga, ta zagaya, ta fita ɗaya gefen kamar ruwa a kwata.

"Ta wuce! Ta wuce!"

Matan da ke taga suka rangaɗa guɗa. Sajan bai ko waiga ba. Ya ratsa cunkoso, ya shiga tashar jiragen ruwa, ya sami wurin ajiya, wani ɗan lungu tsakanin kwantena biyu. Ya tsaya, ya sa ribas. Idonsa na madubin hagu, na dama, na hagu. Yana murɗa kaɗan, yana saki, yana magana da motar ƙasa-ƙasa. Bayan tankar ya lanƙwasa, ya miƙe, ya shige lungun daidai wa daida. Ya ja birkin hannu. Allon ya nuna babu lahani ko kaɗan.

Falon ya tashi. Wani tsohon soja ya ƙame ya sara masa, sauran suka bi. Dawuda ya rungume shi yana girgiza shi yana cewa, "Na janye, Oga, na janye!" Sajan na dariya, hawaye na bin gefen tabaraunsa, yana neman Praise a cikin mutane don ya riƙe hannunta.

Ana cikin hayaniyar Alhaji Jibo ya taɓa Praise da sanda. "A cikin kayan da ake ɗauka, akwai shanu?"

Ta duba. "Akwai, Alhaji."

"To Sajan, ɗaga mini."

Bai taɓa tuƙa komai ba sai babur. Aka sa masa giya mai canza kanta, aka loda masa shanu, ya kama sitiyari da hannu biyu. Motar ta fita titi tana rarrafe, layin motoci ya taru a bayansa ana ta danna masa hon.

"Alhaji, taka mana!" in ji Dawuda. "Ko keke ya fi ka!"

"Ku bar ni," Alhaji Jibo ya ce, bai ɗauke ido daga hanya ba. "Akwai masu ciki a ciki."

Haka ya tafi da su a hankali har garin da aka tura shi, jama'a na bayansa suna kuwwa, Saloma kuma ta koma kicin ta ƙara ruwan tuwo, don ta ga babu mai niyyar tafiya gida.