Lissafin Gona Mai Kusurwa Uku

Shekara tara Malam Cha'ibu ya yi yana ɓoyon wani lissafi a ƙasan akwatin tufafinsa. Tun da ya aje aikin koyarwa a lekol ɗin Attantane, shi ake kira awon gona in za a raba gado, kuma gonakin can ba wadda ta san kusurwa huɗu. Yau da gobe, da igiya da alli, ya gano yadda ake fitar da faɗin gona mai kusurwa uku daga tsawon gefunanta kawai. Ya tabbata ba wanda ya riga shi. Burinsa ɗaya, kafin ya mutu a buga abin da sunansa.

Huda, ɗiyar ƙanensa da ke karatu a jami'a a Maradi, ta ce sai an fara duba ko wani ya taɓa rubutawa. Ya ji haushi, amma ya shiga mota daga Mayahi zuwa Maradi, takardar lissafin na cikin hularsa.

Madam Mansura, mai kula da ɗakin karatun jami'ar, ta zaunar da shi gaban ordinater, wato kwamfuta, ta bayyana masa cewa daga nan ana shiga dubban mujallun lissafi na duniya. Ta ce ya faɗi abin da za a nemo. Nan aka yi cirko-cirko.

"Ba ni hwaɗi," in ji shi. "In kin rubuta cikin na'urar ga, ai duniya ta gani. Ki dai duba ko an gano."

"An gano mi, Baba?" in ji Madam.

"Abin da na gano."

Huda kamar ta nutse don kunya. Sai da aka kusa azahar, bayan ya sa Madam ta rantse kuma ta juya ordinater ya kalli bango, sannan ya cire hula ya miƙa mata takardar. Ta karanta layi biyu, ta tashi. Ba ta nufi wajen mujallu ba. Daga kantar ƙasa ta jawo wani littafin 'yan shekarar farko wanda bangonsa ya yage, ta buɗe masa. Ga lissafinsa nan, da sunan wani Bagirike na Iskandariyya da ya rasu kusan shekara dubu biyu da suka wuce.

Malam Cha'ibu ya bi shi da yatsa layi-layi, har sau biyu, yana neman kuskure ko ɗaya. Babu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har Huda ta kau da kai don kada ta ga fuskarsa.

Can ya tambaya ko mutumin ma awon ƙasa yake yi. Madam ta ce haka aka rubuta. Sai ya rufe littafin a hankali.

"Allah sarki," ya ce. "Ashe shi ma magada sun wahalshe shi."