Allon da ke Bayan Ƙofa

A layin masu gyambon hanji Veturia ta tsinci zancen. Wai a ƙarƙashin asibitin akwai wata likita, Aglaia, mai allo a bayan ƙofa. Duk wanda ta rubuta sunansa, ba ya cika shekara sai an dawo da shi yana zubar da jini.

"Ta rubuta mijin Profira, rabin hanjinsa aka yanke," in ji wata mai baƙin ɗankwali, tana zana gicciye a ƙirji.

"Ke kin ga allon?"

"Rufa mini asiri! Wa zai sauka can?"

Shekara talatin da takwas Veturia tana koyar da lissafi, ba ta taɓa ba da maki a kan "wai" ba.

Ƙofa ta buɗe, Likita Parvu ya fito dafe da kafaɗar ɗanta Octav. "Malama, albishirinki. Kyamara ta zagaya ko'ina, hanjinsa sumul kamar na jariri. Daga yau an daina allura."

"Ɗan naman da kuka tsinko fa?"

"Cika ƙa'ida ce. Abin da ido ya gani muke yi wa magani. Mutanen ƙarƙashin asibitin nan, ko lafiyayyen doki ka kai musu sai sun samo masa cuta."

"Mama, don Allah kar ki fara," in ji Octav. "Shekara shida ana huda ni."

Ta ce za ta kewaya. Ta bi matakala ta gangara, da ƙunshin garin kofi da ta kawo wa Parvu a jaka.

Ƙasan sanyi ƙalau, ga warin magani mai shiga ido. Akwatunan ƙarfe tun daga daɓe har rufi. Wata 'yar tsohuwa tana cin burodi da cuku kusa da madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa. Aglaia ke nan.

"Kin ɓata hanya? Mutane ba sa zuwa nan da ƙafarsu. Gutsure-gutsure suke zuwa." Ta jawo akwati ɗaya: ƙananan dunƙulen kakin kyandir a jere, kowanne da ɗigon nama a ciki. "Rabin garin nan yana nan, masu rai da waɗanda suka riga mu."

Veturia ta tuna an taɓa yi wa marigayi mijinta aiki a asibitin. Ba ta tambaya ba. Ta tura ƙofar, ta ga allon. Sunaye ashirin da uku, an soke goma sha biyar. Na ƙarshe na Octav ne, allin ko dishewa bai yi ba.

"Me ɗana ya yi miki?"

"Zo ki sa ido."

Ta leƙa madubin. Wata duniya ce ja-ja, da ramuka, kowane rami cike da baƙaƙen ɗigo kamar tururuwa.

"Ƙwayoyin jiki masu yaƙi da ciwo ne. In ciwo ya mutu, watsewa suke yi. Kyamara toka take gani, ni garwashin ƙasa nake gani."

"Kin gaya wa Parvu?"

"Shafi na biyu na rahotona. Kullum a shafi na biyu. Wasu sukan karanta su kira ni. Wasu su ce manyan likitoci ba su gama yarda da juna a kai ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ni dai ina rubutawa, in an dawo da mutum in soke."

Veturia ta ajiye mata kofin, ta hau sama. Ta zare fayil daga hannun Octav. Shafi na biyu ko alamar naɗewa babu, ba wanda ya taɓa buɗe shi. Ta naɗe shi da kanta, ta koma ƙarshen layin ganin Parvu.

Mai baƙin ɗankwali ta matso. "Kin gani?"

"Na gani. Sunayen waɗanda aka ce sun warke ne, alhali ba su warke ba."