Launin Ƙofar Tela

Likita ya ce a huta, matarsa ta ce a huta, 'yarsa da ta zo jinya har ɓoye masa jakar fenti ta yi a bayan firij. Duk a banza. Ranar da aka yarda Mai Zane ya taka waje ba bandeji a idonsa na dama, ya faki idon mutanen gida, ya zaro jakar, ya rataya 'yar kujerarsa mai naɗewa, ya sulale.

Ba taurin kai ne kaɗai ya fitar da shi ba, ko da yake yana da shi buhu guda. Tsoro ne. Tun da aka cire masa yanar ido, komai na gidan ya koma masa wani iri. Bangon ɗaki ya yi wani haske mai sanyi, farin kofinsa ya ɗauko shuɗi-shuɗi. Bai gaya wa kowa ba. Mutumin da ya tsufa yana zama a bakin titi yana zana abin da ya gani, in ido ya fara yi masa ƙaryar launi, ai shi ke nan, sai ya tattara kayan zane ya raba wa jikoki. Abin da yake so ya tabbatar ke nan, kuma ba a gaban mata da 'ya ba.

Wurin zamansa yana nan yadda ya bar shi, gindin falwayar wuta, daura da shagon wani tela. Ƙofar shagon nan ya fi sanin ta a kan fuskarsa. Ya zana ta da safe, ya zana ta da yamma, ya zana ta ruwa na dukan ta. Ƙofar katako ce, launinta ruwan ƙasa mai ɗan kore. Ya kafa kujera, ya ɗora allo a cinya, ya manna takarda, ya zuba ruwa a gwangwani, duk kansa na sunkuye. Sannan ya yi abin da yake yi kullum kafin ya ja layi: ya miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya don ya auna tsawon ƙofar da babban yatsa.

Na hagu ya rufe. Sai ga ƙofa shuɗiya shar!

Ya yi sauri ya buɗe, ya rufe na daman da aka yi wa aiki. Tsohon idon ya dawo masa da ƙofarsa ruwan ƙasa, yadda ya san ta. Ya sake. Shuɗiya. Ya kuma sakewa. Fensir ya suɓuce masa.

"Sun ɓata min ido," ya ce a hankali. A zuci kuwa babu kalar baƙar maganar da bai gaya wa likitan ba.

Ana haka tela ya leƙo, da tef ɗin awo rataye a wuya.

"A'a, Mai Zane! Ya jiki? To me ƙofata ta yi kake ta kashe mata ido kamar saurayi?"

Mai Zane bai yi dariya ba. "Tela, tsakaninka da Allah, wane launi ne ƙofar nan?"

Tela ya waiga ya dubi ƙofar, ya dubi tsohon. "Shuɗi mana."

"Yaushe ka sake mata fenti?"

"Ni? Fenti? Haba, yallaɓai, ka taɓa ganin na gyara wani abu a shagon nan? Tun da na zo haka take."

"Kai da kullum kake ce wa mutane su dawo gobe, ni zan yarda da maganarka?"

Tela ya yi dariya ya shige ciki, ya fito da wani zane da Mai Zane ya ba shi kyauta tun tuni, wanda yake rataye a saman keken ɗinki. Ya ɗaga shi kusa da ƙofar. Mai Zane ya rufe idon hagu ya duba. Ga ƙofa shuɗiya a tsaye, ga tasa a takarda kamar an kwaɓa ta da laka. Ya rufe na dama, sai ƙofa da zane suka zama abu ɗaya.

Nan ya gane. Sabon idon lafiyarsa ƙalau. Tsohon ne maƙaryacin, kuma ya daɗe yana yi.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi, ya sake cewa, sai dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Rabon da ya ji daɗi irin wannan har ya manta.

"To kai me ya hana ka gaya min?"

"Na ɗauka salo ne," in ji tela. "Ku masu zane wa ya san gabanku?"

Mai Zane ya buɗe akwatin fenti. Ruwan ƙasa ya cinye har ya yi rami, shuɗi kuwa yana nan a bushe, kusan sabo. Ya ɗiga masa ruwa, ya yi ta murza burushi har ya saki. Da ya shafa a takarda sai da ya tsaya yana kallo. Daga nan hannu ya kama aikinsa. Ya zana ƙofar, ya zana inuwar rumfa, ya tarar ashe ita ma ba baƙa ba ce. Wata mata ta wuce da jar lema, ya cafke ta da shafa biyu kafin ta sha kwana.

Yana cikin haka 'yarsa ta iso tana haki, waya a hannu.

"Baba! Wallahi ka tayar mana da hankali. Mama tana can tana..." Sai idonta ya sauka kan takardar.

"Ke ma kin san shuɗiya ce?" ya tambaye ta.

Ta tsuguna kusa da kujerarsa. "Duk gidan mun sani, Baba. Mun daɗe da ganin zanenka ya canja."

"Amma babu wanda ya buɗe baki."

"Mama ce ta hana. Ta ce in ka ji za ka daina fitowa, kuma in ka daina fitowa ba ka sake tashi. Shi ya sa ta dame ka da maganar asibiti, tana cewa don karatun jarida ne."

Mai Zane ya wanke burushi a gwangwani, ruwan ya rine. Wayar 'yar ta fara ƙara, ta duba ta ce Mama ce.

Ya goge hannu a gefen wando. "Ba ni ita," ya ce.